Takardar shaida ba alfarma ba ce

Ɗalibin da ya ci bak ya shiga Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, in ya nemi tallafin karatu a waje, akan tambaye shi takardar shaidar malami. Wasu sukan ruga wurin malamin jami'a da bai ko san sunansu ba, wasu su kama ƙafa da manya. Wannan kuskure ne.

Mushen da ya koyar da yaro shekara 3 a lise shi ya san ƙwazonsa da halinsa. Can ya kamata ɗalibi ya tafi, tun da wuri, riƙe da sakamakonsa. Malami kuwa kada ya sa hannu bisa abin da bai gani ba, don shaidar zur tana danne hakkin ɗan talaka mai ƙoƙari.