Littafin Bashin Da Wuta Ba Ta Ci

A cikin watan Maris na 2016 gobara ta tashi da dare a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta cinye shaguna dubbai. Kowa ya yi jajen hajar da ta ƙone. Amma akwai wata hasara wadda ba a cika faɗa ba, watau littattafan bashi. Attajirin da littafinsa ya zama toka, da wace shaida zai bi dila kuɗinsa?

To, yanzu an sami dabara. A da, in ɗan kasuwa yana son manhajar lissafi tasa ta kansa, sai ya ɗauki gwanin kwamfuta, ya biya kuɗi masu yawa, ya yi ta jira. Yau kuwa kamfanoni sun fito da kayan haɗi shiryayyu, kamar tubalin da aka riga aka buga, sai jerawa kurum. Microsoft ya fitar da Power Apps a 1 ga Nuwamban 2016, Google kuma ya sayi AppSheet a 2020. Da irin waɗannan, akawun da ya iya tsara jadawali a kwamfuta yana iya mai da shi manhajar waya, inda yaron shago zai rubuta dila nawa ta shigo, turmi nawa aka fitar, wa ya ɗauka, yaushe zai biya. Lissafin yana ajiye can nesa, ko shago ya ƙone yana nan.

A ganinmu, akawun kanti shi ya fi cancanta ya yi wannan gini, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙon gwani bai san yadda ake ba da atamfa bashi a Kantin Kwari ba.

Amma fa a yi hattara da abu uku. Na fari, a buɗe rajistar da sunan maigida, mabuɗi kuma a hannunsa, kada ran da akawu ya bar aiki ya tafi da asirin kanti a aljihu. Na biyu, kayan nan haya ne, yawancinsu da dala ake yanka farashinsu, ga shi kuwa tun Yunin 2023 naira ta faɗi ƙwarai. Saboda haka a riƙa fitar da kwafi kowane wata a adana a gida, domin zanen aro ba ya rufe katara. Na uku, sunaye da lambobin masu ciniki amana ne, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuwa ta hau kan mai tara su.

Muna roƙon shugabannin 'yan kasuwar Fagge da Sabon Gari su shirya wa akawuna da yaran shaguna ajin koyon wannan aiki, iyayengida kuma su zauna a koya tare da su. Allah ya tsare mu da gobara, amin.