Ba kowane ƙurji ne "sanyi" ba

Yau da maza nake, kuma ba zan ɓoye-ɓoye ba.

Ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito wa mutum a gaba, su fashe, suna zafi. Maimakon ya tafi likita, sai ya bi ta bayan kasuwa wajen mai tebur, a ƙirga masa kafso ja-da-rawaya. Sati biyu gyambon ya bushe, ya ce magani ya ci. Ina! Idan harpes ce, da kanta take lafawa, ta kwanta cikin jijiya, ta sake tasowa. Kafson nan bai taɓa ta ba.

Kuma ido kaɗai ba ya rabe ta da tunjere. Gyambon tunjere sau da yawa ba ya ma ciwo, gwajin jini ke nuna shi, allurar penisilin ke kashe shi. Harpes kuwa ba ta warkewa kwata-kwata, amma asiklobir na rage kwanakinta. Shi ya sa ake son likita ya ga ƙurjin tun yana ɗanye, ba bayan an shafe shi da toka da man shanu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ita ya fi saurin kamuwa da SIDA kusan ninki 3, don haka a yi wannan gwajin ma.

Abin da ya fi ɓata mini rai: sai a ɗora wa mata, wai ita ta kawo sanyi. Malam, ita aka auna ko kai? In tana da ciki, jaririn na iya ɗauka wajen haihuwa. Gidan Rumji ba Makka ba ce, ku tafi tare.