Mu Bar Wa Iyali Dare Ɗaya



Kowace shekara idan Disamba ta kama, dawa ta shiga rumbu, sai mu ga motoci suna tsayawa a ƙofar gidajenmu. 'Ya'yanmu da aiki ya kai Kaduna, Jos, Abuja da Legas sun dawo tare da jikokinmu. Yawancinsu kwana uku ko huɗu kaɗai suke da su. Me muke yi da waɗannan kwanaki?

Mu faɗi gaskiya, mu fastoci da dattawa ne muke cinye su. Ran 24 ga wata sujadar dare, ran 25 sujadar Kirsimeti, ran 26 gidauniyar ginin majami'a, ran 27 taron ci gaban gari. Kafin yaro ya sauke jakarsa, ambulan uku suna jiransa. Sai ya koma bai zauna da mahaifinsa ko na sa'a ɗaya ba. Waɗansu ma sun daina zuwa, don kunyar ba su da abin da za su sa a ambulan.

Mun sani ikilisiyoyinmu ƙanana ne, rufin waɗansu yana yoyo, taimakon 'ya'yanmu kuwa ba ƙarami ba ne. Amma ina amfanin sabon kwano idan jikokinmu ba za su zauna a ƙarƙashinsa ba?

Bara wani dattijo ya roƙa a ɗauke masa taro guda, ya kuma gayyace mu gidansa. An yi tuwon dawa da miyar kuka, an yanka zabi biyu. Bayan an wanke hannu, uwargida ta ɗauko tulun da take bugawa a zumunta mata, babban ɗan ya ɗauko jita, aka fito da tsohon Littafin Waƙoƙi wanda bangonsa ya yage. Wata jika 'yar shekara tara, wadda Hausa ba ta zauna a bakinta ba, ta koyi baiti ɗaya daga kakarta, ta yi ta maimaita shi har barci ya kwashe ta. A daren nan ne kuma yaran suka fara jin yadda dangi suka ƙaurace wa mahaifin dattijon ranar da aka yi masa baftisma. Babu wa'azinmu da zai yi wannan aiki.

A Luka 15, da ɗan nan ya dawo, abinci da kiɗa ne ubansa ya tarbe shi da su. Bulus kuma ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. A gida aka shuka ta.

Saboda haka muna roƙon dattawa su bar dare ɗaya babu taro, babu gidauniya. Iyaye, kada ku tarbi yaro da lissafin bukatu tun bai sha ruwa ba. Ku kuma 'ya'yanmu, ku ajiye waya, ku zauna a tabarma, ku zo ko da hannu wofi. Zumunta a ƙafa take.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.