Ba kanka ne ya toshe ba, glibc ɗinka ce ta tsufa

1/ Makon jiya ƙanena da ke Shagari ya turo min hoton allon laptop ɗinsa da ƙarfe 1 na dare: "Yaya, na haƙura, kodin ɗin nan ba nawa ba ne." Kwana uku yana ƙona data a kan layi ɗaya: GLIBC_2.28 not found.

2/ Laptop ɗin na hannu ne, Ubuntu 18.04 ke kai, mai glibc 2.27. Node.js 18 kuwa sai 2.28 ko sama. Lamba ɗaya tak ta kusa korar yaro daga sana'a.

3/ glibc ita ce tsanin da kusan duk manhajar Linux ke takawa ta yi magana da kernel. Abin da aka haɗa da sabuwa ba ya tashi a tsohuwa. Duba taka: ldd --version

4/ Don Allah kar ka ɗaga glibc da hannu don wani ya nuna a YouTube. In ta lalace, ko ls ba zai amsa ba, balle sudo da za ka gyara da shi. Na taɓa yi. Ban so in tuna.

5/ Ɗan'uwan wannan ciwo shi ne direban Wi-Fi na USB da ke ƙin haɗuwa. Yawanci headers ne ba su dace da kernel ɗin da ke aiki ba. Buga uname -r, sannan sudo apt install linux-headers-$(uname -r)

6/ Maganin gaske shi ne sabon tsari. Tallafin 18.04 na yau da kullum ya ƙare tun Mayun 2023. Ubuntu 24.04 na da glibc 2.39, amma fayil ɗin ya kusa 6GB. Nan ne nake ganin laifin masu koyarwa: suna cewa "ku sauke kawai" kamar kowa na zaune kan Wi-Fi. Mu a Bodinga data siye muke, kuma wuta ba tabbas.

7/ Mutum ɗaya ya sauke, ya zuba a filasha, ta zagaya. Ni tawa direba na ba a tasha, da la'asar ta isa Shagari. Da daddare ya turo min hoton node -v, babu ko sallama.