Shin Da Gaske Da Magani Aka Saye Su? Magana Kan Hausawa Kiristoci Na Ƙauyukanmu

  

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu masu wa'azinmu, daga Bichi zuwa Tsanyawa har cikin ƙasar Katsina, duk sa'ad da aka ambaci Hausawa Kiristoci na ƙauyukanmu. Sai ka ji an ce ai ba addini suke yi ba, ciki ne ya kai su, Turawan mishan ne suka saye kakanninsu da ƙwayar magani da gwanjo. Ni Musulmi ne, ban yarda da aƙidar Allah uku cikin ɗaya ba ko daidai da ƙwayar zarra. Annabi Isa (AS) bawan Allah ne kuma ManzonSa. Amma wannan magana zalunci ce, kuma zalunci ba ya halatta don an yi shi a kan wanda ba Musulmi ba.

Mu fara da tarihi. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller suka shigo Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da sun kafa komai ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 ma, gwamnatinsu ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi. Sai cikin shekarun 1930 ƙungiyar SIM ta samu gindin zama a ƙasar Kano, ta karɓi aikin jinyar kutare a Yadakunya, sannan ta buɗe asibitin ido a 1943. Haƙiƙa an ba da magani, babu mai musu. To amma dubban Musulmi sun sha maganin nan, an yi musu aikin ido, suka koma gida da sallarsu. In da magani ne ke sauya zuciya, da yanzu rabin Kano na coci.

Kuma tun kafin Turawa su ci ƙasar nan, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, an kashe wani Malam Ibrahim a kasuwar Kurmi saboda abin da yake koyarwa game da matsayin Annabi Isa. Mabiyansa, da ake kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi Ningi. Zuriyarsu ce ta je ta sami Miller a Zariya a 1913, aka zaunar da su a Gimi, daga baya ciwon barci ya tashe su, wasu suka ƙare a Wusasa. Malam Ibrahim ya ɓace hanya a fahimtarmu. Amma wa ya ba shi gwanjo? Mutum ba ya miƙa wuyansa a kan abin da bai gaskata ba.

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka dubi manomi Kirista a ƙauyen da kowa Musulmi ne. Sunansa Audu ko Tanko, tuwon dawa yake ci, Littafi Mai Tsarki da Hausa yake karantawa, wanda aka kammala fassara shi tun 1932. Neman aure na yi masa wuya, neman filin gina wurin ibada ya fi wuya, a gari a ce masa arne, in ya je kudu a ce masa Bahaushe. Da abin duniya yake nema, da kalmar shahada ta fi masa sauƙi da riba. Ya zauna a kan abin da yake kai ne domin a zuciyarsa yana ganin ta nan zai sami yardar Allah. Kuskure ne a wurinmu, amma ba wasa ba ne.

Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana mu barin adalci saboda ƙin wasu mutane, aya ta 8 a Mumtahana kuma ta buɗe ƙofar kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba. Manzon Allah (SAW) ya tura sahabbansa Habasha wurin Najjashi, sarki Kirista, saboda adalcinsa. Da tawagar Kiristocin Najran suka zo Madina, ya zauna ya yi muhawara da su a kan hujja, bai ce yunwa ce ta kawo su ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, maganar nan mafaka ce ga sakacinmu. Mafi yawan waɗannan bayin Allah jikokin Maguzawa ne, waɗanda suka zauna kusa da mu ɗaruruwan shekaru. An karɓi harajinsu, an sayi hatsinsu, amma malamai nawa ne suka shiga gidajensu suka zauna a tabarmarsu? Da wani ya zo ya koyi sunayen 'ya'yansu, ya wanke musu gyambo, sai muka ce ya yi sata. Har yau mai da'awar da zai shiga irin waɗannan gidaje da buhun shinkafa da turmin atamfa kawai, yana zaton farashi ne ya rage a daidaita, zai tarar da dattijon da ya haddace surori daga Linjila, yana jiran a amsa masa tambaya a kan Annabi Isa.