Kujerar Makka Ta Samu, Tsoron Jirgi Ya Hana Barci

A makon jiya wata baiwar Allah daga unguwar Bolari a nan Gombe ta aiko mini da saƙo. Ta ce ita da 'yan uwanta sun shekara huɗu suna tara kuɗi har suka biya wa mahaifiyarsu kujerar Makka, dangi suka yi ta zuwa barka. Amma tun ranar da aka ɗauki hoton fasfo Inna ta daina barci, abinci ma sai an matsa mata. Da aka tsananta tambaya sai ta ce ita ba za ta iya shiga jirgi ba, a ba ƙaninta kujerar. Mai saƙon tana son sanin ko wannan ciwo ne, ko sammu, ko raunin imani.

'Yar uwa, ba sammu ba ne, kuma kada kowa ya ce mata raunin imani ne, don wannan magana kunya kawai za ta ƙara mata a kan tsoro. Yanayi ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka san shi sarai, yana kama malami da jahili, har da 'yan kasuwar da ke zuwa Dubai duk wata.

Kuma mu faɗi gaskiya, tsoron bai faɗo daga sama ba. Duk wanda ya kai shekarun Inna yana tune da jirgin alhazan da ya kama wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda zuwa Sakkwato ranar 11 ga Yulin 1991, mutum 261 suka rasu. Yana tune da wanda ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano a watan Mayun 2002, da wanda ya yi ajalin Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a Abuja ranar 29 ga Oktoban 2006. Allah Ya jiƙansu. Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne abin da ya biyo baya. Bayan hatsarin Gwammaja gwamnati ta dakatar da irin wancan samfurin jirgi. A 2006 aka yi sabuwar dokar da ta ƙara wa hukumar kula da sufurin jiragen sama ƙarfi, a 2007 kuma aka ɗaga jarin da ake buƙata, wasu kamfanonin da suka kasa cikawa suka bar harkar.

Yanzu mai karatu ka ɗora ɗaya ɓangaren a sikeli. Jirage kimanin 100,000 ke tashi su sauka a duniya kowace rana, ba wanda ke jin labarinsu domin lafiya suka sauka. A nan gida kuwa, alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa na 2023 da 2024 sun nuna sama da mutum 5,000 ke rasuwa a kan titunanmu a shekara. Wanda ya ƙi jirgin awa ɗaya daga Lawanti zuwa Abuja, ya zaɓi ya bi Bauchi, Jos, Akwanga da Keffi a mota, zuciyarsa ta samu natsuwa amma hatsarin da ya ɗauka ya fi yawa nesa ba kusa ba. Amurkawa sun yi wannan zaɓi bayan harin 11 ga Satumban 2001, suka guji jirgi suka koma mota. Wani masani Bajamushe, Gerd Gigerenzer, ya ƙiyasta cewa an samu ƙarin mutuwar mutum wajen 1,500 a titunansu cikin shekarar da ta biyo baya.

Sai dai na sani, lissafi ba ya kwantar da bugun zuciya. Idan ƙwaƙwalwa ta zaci akwai hatsari, jiki na sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya yi sauri. Saurin numfashin nan shi ke kawo jiri da jin yatsu da leɓe suna tsira kamar ana soka allura, sai mutum ya ce shi ke nan mutuwa ce ta zo, tsoron ya ninku. Wannan firgici yakan kai ƙololuwarsa cikin kamar minti goma sannan ya fara sauka da kansa. Abin da ke taimakawa shi ne a rage saurin numfashi: ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta a hankali ta baki kana ƙirga shida ko fiye. Inna tana da carbi, to ta haɗa kowane sakin numfashi da tasbihi ɗaya. Amma a fara koyon wannan tun yanzu a gida, safe da yamma, domin ba a ranar tafiya ake kiwon akuya ba.

Rabin tsoron jirgi rashin sanin abin da ke faruwa ne, saboda haka ku zauna da ita ku ba ta labarin tafiyar daki-daki. Da jirgi ya bar ƙasa za ta ji wani ƙara dim a ƙarƙashin ƙafarta, tayoyi ne ake naɗewa. Ba da jimawa ba rurin inji zai ragu, ta ji kamar jirgin ya tsaya ko yana zamewa ƙasa. Nan ne mutane da yawa ke fara salati da ƙarfi, alhali matuƙi ne ya rage wuta saboda ƙarfin da aka tashi da shi ba a buƙatarsa kuma, jirgin na ci gaba da hawa. Idan tana kusa da taga za ta ga fiffike yana lanƙwasa yana rawa. Haka aka ƙera shi, kuma kafin a amince da kowane samfuri sai an gwada fiffikensa da nauyin da ya ninka mafi tsananin abin da ake tsammani sau ɗaya da rabi. Jirgi mai inji biyu kuma yana iya tafiya ya sauka da inji ɗaya, matuƙa suna maimaita atisayen hakan a kai a kai. Kunne zai toshe, musamman wajen sauka. Haɗiyar yawu, hamma ko tauna cingam na buɗe shi.

Sai babbar magana, gargada. Ka taɓa lura da shirwa da tsakar rana tana shawagi tana ƙara sama ba tare da kaɗa fiffike ba? Iskar zafi ce da ke tasowa daga ƙasa take ɗaga ta. Ita wannan iskar ce jirgi ke ratsawa ya yi ta girgiza, shi ya sa jirgin safe ya fi na la'asar laushi a ƙasarmu mai zafi, kuma kujerun da ke daidai fiffike sun fi na can baya kwanciyar hankali. Abin da cikinka ke ji kamar an faɗa rijiya, a mafi yawan lokaci motsi ne kaɗan a jirgin da ke sama da ƙafa 30,000. Hatsarin gargada na gaskiya yana kan wanda bai ɗaura bel ba, don shi ne zai iya buga kai da rufi. A bar bel a ɗaure muddin ana zaune, ko an kashe fitilarsa.

Mu mutanen Gombe mun san hazon hunturu. Idan aka jinkirta tashi, ko jirgi ya zo sauka ya sake yin sama, ko aka karkatar da shi wani gari, ranmu kan ɓaci. Ni dai na fi son matuƙin da ya ƙi sauka a inda ba ya gani da kyau.

Akwai abin da nake roƙon ku guje masa, wato zuwa kemis a sayo mata maganin barci irin su diyazefam. Ga tsofaffi yana kawo ruɗewa da faɗuwa, kuma barci mai nauyi a zaune na tsawon sa'o'i na ƙara hatsarin daskarewar jini a ƙafa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford a 1997 ya nuna matan da aka ba irin wannan magani sun ɗan samu sauƙi a tafiyar farko, amma a ta biyu da ba magani sun fi sauran firgita. Ga kuma tsananin dokar Saudiyya a kan ƙwayoyi. Goro da shayi mai kauri ma a rage su ranar tafiya domin suna ƙara bugun zuciya. Goron dama ba a yarda a shiga da shi can ba. Maganin hawan jini ko na suga kuwa ya kasance a jakar hannu tare da takardar likita. Idan kuma akwai ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, kada a ce tsoro ne kawai, a je a duba zuciya tun kafin tafiya.

Wani abin da tsofaffinmu ba sa faɗa shi ne bayin jirgi. Na ga waɗanda suka ƙi shan ruwa tun daga sansanin alhazai don kada fitsari ya kama su, suka isa Madina a galabaice. A nuna mata hoton bayin a waya, yadda ake kulle ƙofa da inda ake dannawa, a kuma gaya mata ƙarar tsotson ruwan tana da firgitarwa amma ba komai. Batun alwala a jirgi ta tambayi malaman bita.

Gudun abin tsoro shi ke ciyar da shi, saboda haka kada ku karɓi maganar ba da kujera, kada kuma ku yi mata dariya. Ku bi ta mataki-mataki. Ta kalli bidiyon cikin jirgi daga tashi har sauka, sau da yawa, har ya fara gundurar ta. Ku kai ta wajen wata Hajiya sa'arta da ta je ta dawo su yi hira. Idan da hali, ɗayanku ya raka ta Abuja ta jirgi kafin babbar tafiya ta wajen awa biyar. A nemi a zaunar da ita kusa da wadda ta sani, a kuma sanar da ma'aikatan jirgin cewa karon farko ne, sun saba da haka. Idan bayan mako biyu ko uku har yanzu ba barci ba abinci, ku kai ta sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma irin wannan tsoro yana cikin waɗanda suka fi jin magani ta hanyar zama da ƙwararre.

'Yar uwa, ki gaishe mini da Inna, ki kuma rubuto ki faɗa mana yadda aka ƙare. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba kumburin ƙafa a doguwar tafiya da waɗanda ya kamata su ga likita kafin su hau jirgi.