Mai sikila ba baƙo ba ne a ƙofar likita

Duk wanda ke rayuwa da ciwon da ba ya warkewa, sikila ce ko suga ko hawan jini, ya san ranar gaggawa tana nan tafe. Ba a san wace rana ba ce, amma an san za ta zo. To ƴan uwa, abin da aka san yana tafe, don me kullum yake iske mu ba shiri?

Mu ɗauki sikila, tun da ita na fi sani, da ita aka haife ni. Ƙwayoyin jinin mai SS kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, sai ƙashi ya shiga sara kamar ana dakan sa. Sanyin hunturu yana tayar da ita, ƙishirwar bazara tana tayar da ita, zazzaɓin cizon sauro na damina ma haka. Ƙa'idar likitoci ita ce a ba mutum maganin kashe raɗaɗi cikin awa guda da isowarsa.

Yanzu ku auna wannan awa guda da hanyar ɗan ƙauyen Bazaga. Ciwo ya tashi da tsakar dare. A nemo kabu-kabu ko amalanke zuwa CSI. In abin ya fi ƙarfin majo, a rubuta takardar zuwa asibitin Ƙonni. Daga can wataƙila Galmi, wataƙila Tawa. Cibiyar ƙasa ta masu sikila kuwa tana Yamai, fiye da kilomita 400 daga Ƙonni. Kuma a kowace ƙofa labari daga farko ake soma shi: wane ne kai, me ke damun ka, wane magani ka sha? Sannan a miƙo ordonansi, ɗan rakiya ya bazama neman sirum da allura, shi kuwa mai ciwo yana birgima bisa benci. Akwai daren da na isa wani asibiti ina cizon mayafi, abin da na fara ji shi ne: "Ke kuma kin sake dawowa?" I, na dawo. Kuma zan sake dawowa, don haka ciwon yake.

Ba yaƙi nake da ma'aikatan lafiya ba. Majon da ke duba mutane tun safe shi kaɗai, ga kantar magani fayau, shi ma a matse yake. Laifin na tsari ne, tsarin da ya saba da ciwon da ke zuwa ya wuce, ya manta da wanda ke zama. Tun 2006 aka ce magani kyauta ne ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Madalla. Amma sikila ba ta barin yaro ranar da ya cika shekara biyar, kuma jinkirin da gwamnati ta sha yi wajen biyan cibiyoyi kuɗin wannan kyauta ya bar da yawansu ba magani. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mutanen Ƙonni da suka saba tsallakawa Illelar Najeriya ko Sakkwato sun ɗanɗana kuɗarsu.

Ga abin da nake ganin za a iya yi ba sai an jira Yamai ba.

Na farko, kowane mai ciwo mai daɗewa ya samu karne guda: sunan ciwonsa, rukunin jininsa, maganin da yake sha, wanda jikinsa ba ya so, da ranar da aka yi masa ƙarin jini na ƙarshe. A ɗauki hotonsa a waya. Mai ciwo ba ya iya dogon bayani, karne ya yi magana a madadinsa. Hukumar lafiya ta Ƙonni kuma ta ce duk mai wannan karne a fara ba shi magani, lissafi ya biyo baya.

Na biyu, kuɗin man ambilans. A nan cikin jihar Tawa, a Keita da Abalak, an gwada ƙara dala ashirin bisa kuɗin ganin likita, ana tarawa don ɗaukar marasa lafiya zuwa babban asibiti. Kowace CSI tana da kwamitin kula da kuɗinta, COGES. Mu je zamansu mu tambaya: akwai irin wannan asusu? Nawa ke ciki? Wa ke riƙe da shi?

Na uku, jini. Kowace fada ta samari ta rubuta sunayen masu son bayarwa da rukunin jininsu. Wanda ke iya kwana shan shayi zai iya tashi ya ceci yaron maƙwabci.

Iyaye kuma ku riƙe waɗannan alamu: zazzaɓi mai zafi, ciwon ƙirji ko numfashi da ƙyar, tafin hannu ya yi fari fat, ciki ya kumbura ta hagu, baki ya karkace ko hannu ya saki. Nan ba a jiran wayewar gari, ba a tsayawa jiƙe-jiƙe.

Ku kuma masu shirin aure, AS da AS in sun haɗu, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS. Gwajin bai kai kuɗin atamfa ɗaya ta lefe ba.

Ranar 19 ga Yuni ce ranar sikila ta duniya, za a yi jawabai a raba riguna. Kafin ta zagayo, duk mai ɗan uwa a Bazaga ko Malbaza ko Illela da ke fama da irin wannan ciwo, ya kira gida yau ya tambaya: in ya tashi da daddare, wa zai ɗauke shi, da wane kuɗi, zuwa ina? In ba a ba ka amsa ba, daga nan aikinka ya fara. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.